Jirgin Da Mai Ya Ƙare Masa Ba Shi Da Gefen Titi

Direban motar da mai ya ƙare masa a tsakanin Zariya da Funtuwa, abin da zai same shi bai wuce jin kunya da ɓata lokaci ba. Zai gangara gefen titi, a sa wa taya dutse, ya ba yaron mota galan ya tafi nema, fasinjoji su yi ta yi masa tsiya har man ya iso. Matuƙin ƙaramin jirgin sama ba shi da wannan gata. Idan injinsa ya yi tari ya ɗauke a tsakiyar sararin samaniya, abin da ya rage masa shi ne 'yan mintoci kaɗan na zaɓen inda zai sauka, ko gona, ko ruwa, ko kan rufin bayin Allah waɗanda ba su ji ba su gani ba. Duk da haka, shekara da shekaru ke nan ƙarewar mai tana cikin abubuwan da ke kayar da ƙananan jirage, alhali kuwa a duk harkar jiragen sama da wuya a sami hatsarin da ya fi wannan sauƙin kaucewa.

Amurka ta fi kowace ƙasa yawan ƙananan jirage na masu zaman kansu, saboda haka a can ne aka fi tara labarin irin wannan hatsari. A shekarar 2017 hukumar binciken hatsarin sufuri ta ƙasar, wadda ake kira NTSB a taƙaice, ta fitar da wata takardar gargaɗi ga matuƙa. Ta ce daga 2011 zuwa 2015, a kowace shekara ana samun hatsari fiye da 50 a tsakanin irin waɗannan jirage saboda rashin kula da sha'anin mai. Wato kusan kowane mako sai an yi ɗaya. A cikinsu, kashi 56 cikin ɗari man ne ya ƙare ƙarƙaf, kashi 35 kuma akwai mai a cikin jirgin, amma bai sami hanyar isa inji ba, galibi don an bar injin yana shan tankin da ya bushe alhali ɗaya tankin na da saura. Hukumar ta ce a kashi 95 cikin ɗari akwai hannun kuskuren matuƙi, lalacewar kayan aiki kuwa ba ta kai ko kashi 5 ba.

Wanda ya ji wannan zai zaci 'yan koyo ne suke wannan ɓarna. Lissafin hukumar ya nuna akasin haka. Ɗalibai masu koyon tuƙi kashi 2 ne kacal cikin ɗari na waɗanda abin ya faru da su, kusan rabi kuwa mutane ne masu riƙe da lasisin tuƙin jirgin haya ko ma lasisin manyan jiragen fasinja. Dalilin ba boyayye ba ne. Ɗalibi yana tsoro, malaminsa na tsaye a kansa, ba zai tashi ba sai ya hau kan fiffike ya buɗe murfin tanki ya leƙa da idonsa. Wanda ya shekara ashirin yana tuƙi shi ne ke cewa ai ya san jirginsa, ai tafiyar ba nisa, ai jiya aka sha mai. Masu iya magana sun ce ruwa kan ci gwani.

Babu labarin da ya fi bayyana wannan kamar na John Denver, mawaƙin nan na Amurka wanda ya yi suna a shekarun 1970. Denver ba baƙon tuƙi ba ne. Mahaifinsa matuƙin jirgin soja ne, shi kansa kuma ya tara awa fiye da 2,700 a sama, ya tuƙa jirage iri-iri. Ranar Lahadi 12 ga Oktoba 1997, da la'asar, ya je filin jirgin sama na Monterey a jihar Kalifoniya don ya gwada wani ƙaramin jirgi mai kujera biyu da bai daɗe da saye ba, samfurin Long-EZ. Irin wannan jirgi ba daga masana'anta yake fitowa a haɗe ba. Wani injiniya mai suna Burt Rutan ne ya zana shi, masu sha'awa kuma su sayi zanen su harhaɗa nasu a gida. A zanen asali, famfon da ake murɗawa a sauya daga wannan tanki zuwa wancan yana gaban matuƙi ne, tsakanin ƙafafunsa. Amma mutumin da ya harhaɗa wannan jirgin na Denver ya ga bai so bututun mai ya ratsa inda matuƙi ke zaune, sai ya mai da famfon bayan kafaɗar hagu ta matuƙin. Niyyarsa mai kyau ce, yana gudun gobara. Sai dai ya aje famfon inda mutumin da ke ɗaure da bel ba zai kai hannu ba sai ya juya jikinsa gaba ɗaya, kuma babu rubutu a jikinsa da ke nuna wane ɓangare ne na wane tanki. Ma'aunin man kansa yana can wajen kujerar baya, ba shi da alamar da ke faɗin galan nawa ya rage.

Makaniken da ya taimaka masa fito da jirgin ya duba ya gaya masa cewa tankin dama bai kai rabi ba, na hagu kuma bai kai kwata ba. Ya ara masa ɗan madubi don ya riƙa hango ma'aunin ta bayansa. An tambaye shi ko a ƙara masa mai, ya ce a'a, tafiyar tasa ba za ta wuce kamar awa ɗaya ba. Ya tashi, ya yi 'yan gwaje-gwajen sauka da tashi a filin, sannan ya nufi bakin teku. Wajen ƙarfe biyar da rabi na yamma mutanen da ke gaɓar Pacific Grove suka ji ƙarar injin ta sauya, suka ga jirgin, wanda bai fi 'yan ɗaruruwan ƙafa daga ruwa ba, ya karkata ya kifa da kai cikin teku. Ya rasu yana da shekara 53. Gwajin likitoci bai sami giya ko ƙwaya a jikinsa ba.

Masu bincike sun shiga wani jirgi irinsa suka gwada. Sun tarar cewa duk wanda ya juya hagu don ya kamo famfon, ƙafarsa ta dama kan miƙe ta danne fedar da ke juya jirgi, ba da saninsa ba. A rahoton da hukumar NTSB ta fitar a farkon 1999, ta ce hankalin matuƙin ya ɗauku wajen kokawa da famfon har jirgin ya ƙwace masa, ta kuma ambaci wurin da aka aje famfon da ƙarancin horon da ya samu a kan wannan samfuri. Amma ta sa ƙin shan mai kafin tashi a cikin ainihin musabbabin hatsarin. Wannan shi ne abin da ya kamata a tsaya a kansa. Famfon da aka aje a mummunan wuri, da ma'aunin da sai da madubi, duk Denver ya san da su tun yana ƙasa. Da ya yarda an cika tankunan, da ba zai bukaci taɓa famfon ba sam a tafiyar awa ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa an tsaga bangon ne a bakin famfon mai, tun kafin a tada inji, don a tsira da 'yan mintoci.

To, me ya sa mai kan ƙare wa mutumin da ke da allura a gabansa tana nuna masa saura? Amsar ita ce allurar ƙaramin jirgi ba abin dogaro ba ce kamar yadda mai mota ya saba. Tankunan suna cikin fikafikai, shimfiɗaɗɗu ne marasa zurfi, ɗan karkata kaɗan sai man ya gudu gefe guda allura ta yi ƙarya. A tsofaffin jirage wata takan maƙale, wata takan yi ta rawa. Tsohuwar ƙa'idar Amurka ta ƙera ƙananan jirage ta nanata cewa a daidaita allura ta nuna sifili idan man da inji ke iya sha ya ƙare, har matuƙa suka mai da abin barkwanci cewa allura ba ta faɗin gaskiya sai ranar da gaskiyar ba ta da amfani. Akwai kuma jiragen da allurarsu kan yi ƙarya saboda an saka musu wadda ba tasu ba. A watan Agusta na 2005 wani jirgin kamfanin Tuninter na Tunisiya, samfurin ATR 72, ya faɗa teku kusa da Palermo a Italiya, mutum 16 suka mutu, don an ɗaura masa ma'aunin ƙaramin ɗan'uwansa ATR 42, ya yi ta nuna mai da yawa alhali tankuna sun bushe.

Saboda haka abin da ake koya wa ɗalibi shi ne ya auna mansa da abu biyu: sandar awo a ƙasa, agogo a sama. Kafin tashi ya tsoma sanda ya san lita nawa ke ciki da gaske, ya kuma tsiyayo kaɗan daga ƙasan tanki ya ga ko ruwa ya kwanta. Bayan tashi kuma ya daina tunanin nisa, ya koma tunanin lokaci. Jirgin Cessna 172, wanda ya fi kowane ƙaramin jirgi yawa a duniya, yakan sha galan takwas zuwa goma na Amurka a awa ɗaya. Sabon samfurinsa na ɗaukar galan 56, amma 53 ne kawai inji ke iya kaiwa gare su, sauran ukun suna maƙale a lungunan tanki. Injin bai san kilomita nawa aka ci ba. Mintoci kawai yake ƙirgawa.

Ga misali don mai karatu ya ga yadda abin ke tafiya. Daga Kano zuwa Maiduguri a miƙe kimanin kilomita 500 ne. A ce jirgi na gudun kilomita 200 a awa, yana shan lita 34. Idan babu iska, tafiyar awa biyu da rabi ce, mai lita 85. Matuƙi ya ƙara lita 17 na ajiyar rabin awa, ya zuba lita 102, ya ga ya cika ƙa'ida. Amma lokacin hunturu ne, iska na tahowa daga gabas maso arewa tana bugun hancin jirgin, a ce ta rage masa kilomita 40 a awa. Yanzu gudunsa a kan ƙasa ya koma 160, tafiyar kuma ta zama awa uku da minti bakwai. Lita 102 awa uku cif suke kaiwa. Ke nan injin zai mutu saura kilomita 20 a isa Maiduguri, ba tare da an ɓata hanya ba, ba tare da an yi kewaye ko ɗaya ba, ba a ma sa man da aka ƙona wajen ɗumama inji da hawa sama a lissafin ba. Irin wannan jirgi idan injinsa ya mutu yakan yi gaba kamar mita tara a duk mita ɗaya da ya sauko. Wanda ke tsayin mita 1,500 zai iya lallaɓawa kilomita 13 ko 14. Saura shida ko bakwai kuma sai abin da hali ya yi.

Wannan misali ya isa ya nuna raunin hujjar da ake yawan ji, cewa ai an bi doka. Ƙa'idar Amurka, wadda ta yi daidai da ta Hukumar Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO, ta ce ƙaramin jirgin da ke tafiya da ganin ido ya ɗauki man da zai kai shi inda za shi, da ƙarin na minti 30 da rana, ko minti 45 da dare. Wanda ke tafiya da na'ura cikin gajimare ko hazo kuma ya ɗauki na isa, da na zuwa wani filin idan na farko ya ƙi sauka, da ƙarin minti 45. Waɗannan lambobi su ne mafi ƙarancin abin da hukuma za ta lamunta, an kuma tsara su ne a ƙasashen da filayen sauka ke kusa da juna. Amurka na da filayen jirage na jama'a wajen dubu biyar. Minti 30 a can na nufin filaye biyu ko uku da za a zaɓa. A yankin Sahel, minti 30 a ƙaramin jirgi kilomita 100 ne, wanda bai kai ko tazarar Kano da Zariya ba. Shi ya sa malaman tuƙi da yawa ke gaya wa ɗalibansu su sa wa kansu dokar sauka da man awa guda a tanki, kuma a ƙasa irin wannan, wannan shawara ta fi dacewa ta zama ƙa'idar aiki ta kowace makaranta da kowane kamfanin haya.

Akwai kuma tarkon ma'auni, wanda ɗaliban lissafi za su gane da sauri. Littafin jirgin da aka ƙera a Amurka yana magana da galan na Amurka, mai lita 3.8. Tsofaffin ma'aikata a nan sun tashi da galan na Ingila, mai lita 4.5. Motar mai na sayarwa da lita, takardar nauyin jirgi kuma na neman kilo ko laba. Duk inda aka juya wannan zuwa wancan, ƙofar kuskure ce. Ranar 23 ga Yuli 1983 wani sabon jirgin Boeing 767 na kamfanin Air Canada ya tashi da man da ma'aikata suka lissafa a kan kilo 22,300, ashe laba 22,300 ne, wato bai kai rabin abin da ake bukata ba. Kanada na cikin sauya ma'auninta ne a lokacin, aka yi amfani da lambar juyi ta tsohon ma'auni. Injunan biyu suka mutu a tsakiyar tafiya. Allah ya sa kyaftin ɗin, Robert Pearson, gwani ne a tuƙin jirgin da ba shi da inji, ya lallaɓa ya sauke shi a wani tsohon filin soja a Gimli ba tare da an rasa rai ba. Idan haka ta faru da babban kamfani mai injiniyoyi da matuƙa biyu, ina ga mutum ɗaya da ke lissafi da ka a gindin fiffike, rana na dukansa, fasinja na duba agogo?

Nijeriya ba ta bukatar zuwa aron irin wannan darasi daga waje kawai. A watan Yuni na 1991 wani jirgin BAC 1-11 na kamfanin Okada da ya nufi Kano ya tarar da yanayi ya ɓaci, ya juya zuwa Sakkwato, bai sami sauka ba har mai ya ƙare masa, ya faɗi a wajen gari, aka rasa rayuka. Ranar 18 ga Satumba 1994 kuma wani jirgi irinsa na kamfanin Oriental, wanda aka yi shatarsa ya ɗauko 'yan ƙwallon Iwuanyanwu Nationale daga wasansu da Esperance a Tunis, ya yi ta kewaya filin Tamanrasset a kudancin Aljeriya cikin rashin gani sosai har mai ya ƙare. Mutum biyar suka mutu, biyu daga cikinsu 'yan wasa. Waɗannan ba ƙananan jirage ba ne, amma abin da ya kayar da su shi ne abin da ke jiran ƙaramin jirgi kowace rana a wannan yanki: filin da aka nufa ya rufe, na biyu na da nisa, kowane ƙarin yunƙurin sauka kuma yana cin man da za a yi amfani da shi a tafi wani wuri. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo kan rufe filayen Arewa da yawa a rana ɗaya, don haka filin da aka rubuta a takarda a matsayin na biyu sau da yawa yana cikin ƙurar da ta rufe na farko.

Sai kuma matsalar samun man kansa. Mafi yawan ƙananan jirage masu farfela ɗaya ba kananzir ɗin manyan jirage suke sha ba, wato Jet A1. Nasu wani fetur ne na musamman da ake kira afgas, wanda ake rina shi shuɗi don kada a rikita su. Daga waje ake shigo da shi, yana da tsada, kuma ba kowane fili ke da shi ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa Kwalejin Koyon Aikin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta kawo jiragen koyo samfurin Diamond masu shan Jet A1. Amma matuƙin da jirginsa afgas yake sha, wanda ya san inda za shi babu, shi ne ke faɗawa jarabar ja da man zuwa ya yi masa har dawowa. A nan laifin ya tashi daga kan matuƙi shi kaɗai. Hukumomin da ke kula da filaye su ne ya wajaba su riƙa sanarwa a fili, a kan lokaci, wane fili ke da wane irin mai da kuma sa'o'in da ake sayarwa, don kada mutum ya tsara tafiyarsa a kan famfon da ya bushe tun makon jiya.

Wani zai ce, ai maganin abin mai sauƙi ne, a kafa doka kowa ya cika tanki fal kafin ya tashi. Wannan magana tana da daɗin ji amma ba ta san jirgi ba. Kowace lita ta afgas nauyinta kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ne. Cessna 172 da aka cika tankunansa ya ɗauki wajen kilo 145 na mai, kuma da wuya ya ɗauki manya huɗu da kayansu a kan haka ba tare da ya wuce nauyin da aka ƙayyade masa ba. A zafin watan Afrilu, lokacin da iska ta yi sako-sako, inji ya rage ƙarfi, fiffike ya rage ɗauka, jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima na iya cinye titin tashi bai ɗaga ba. Ke nan gudun wani hatsari sai ya jefa mutum cikin wani. Abin da ke akwai shi ne zaɓi, kuma zaɓin na da ɗaci: ko a rage fasinja, ko a rage kaya, ko a yada zango a hanya a sha mai. Abin da ke kashe mutane shi ne a ƙi dukkan ukun a rage mai, domin shi kaɗai ne ba ya buɗe baki ya yi ƙorafi a filin jirgi.

A nan ne maganar ta shafi ma'aikatan gwamnati kai tsaye, musamman jami'an da ke shirya wa manya tafiya. Jami'in da ya yi shatar jirgi, ya ƙara mutum biyu a ƙurarren lokaci, ya kawo kwalayen takardu da jakunkuna, sannan ya ce maigida na da taro ƙarfe huɗu ba za a tsaya ko'ina ba, ya sa hannu a lissafin man ko da bai taɓa ganin tanki ba. Matuƙin ƙaramin kamfani ya san idan ya yi gardama gobe wani za a kira. Duniya ta ga inda irin wannan matsi ke kaiwa ranar 28 ga Nuwamba 2016, lokacin da jirgin kamfanin LaMia na Boliviya, ɗauke da 'yan ƙwallon Chapecoense na Birazil, ya faɗi kusa da Medellin a Kolombiya, mutum 71 cikin 77 suka mutu. Nisan tafiyar daga Santa Cruz ya yi kusan daidai da iyakar abin da jirgin ke iya ci, babu ajiya ko kaɗan, an kuma wuce wuraren da za a iya tsayawa a sha mai. Matuƙin yana cikin masu kamfanin, wato mai riƙe da sitiyari shi ne kuma mai jin zafin kuɗin zango. 'Yar jira kaɗan da aka sa su a sama don wani jirgi ya riga su sauka ita ce ta ƙarasa su. Ya dace kowace ma'aikata ta rubuta a yarjejeniyar shata cewa hukuncin matuƙi a kan mai da nauyi shi ne na ƙarshe, kuma kuɗin zangon shan mai na cikin abin da za a biya ba tare da tuhuma ba.

Abu na ƙarshe da ke juya ƙarancin mai ya zama gawa shi ne nauyin baki. Ranar 25 ga Janairu 1990 jirgin Avianca daga Kolombiya ya shafe fiye da awa ɗaya yana jira a sama kafin a ba shi izinin sauka a New York. Matuƙan sun gaya wa masu kula da zirga-zirga cewa mansu na ƙarewa, sun nemi a ba su fifiko, amma ba su taɓa furta kalmar da ke nuna halin gaggawa ba, don haka aka ci gaba da bi da su kamar kowa. Jirgin ya faɗi a Cove Neck, mutum 73 cikin 158 suka mutu. Tun daga 2012 ICAO ta tsayar da kalmomi biyu da ba su da harshen damo: ɗaya ta sanar cewa mai ya yi ƙasa har ba za a iya jure wani jinkiri ba, ɗayar kuma kiran Mayday ne a kan mai, wanda ke sa a share wa jirgi hanya nan take. Kalmomin suna nan, amma matuƙin ƙaramin jirgi yakan haɗiye su don tsoron tambayoyin da za su biyo baya, da tsoron a ce ya yi sakaci, da tsoron lasisinsa. Sai ya yi shiru yana addu'a allura ta yi ƙarya. Muddin hukuma ta fi tsananta wa wanda ya yi kira ya sauka lafiya fiye da wanda ya yi shiru ya sha da ƙyar ba wanda ya sani, to tana koya wa matuƙa yin shiru ne.

Amurka na da tsarin da matuƙi ke kai rahoton kuskurensa a asirce ga hukumar NASA tun 1976, ba ga hukumar da ke hukunta shi ba, kuma daga waɗannan rahotanni ne ake gane inda ake yawan tuntuɓe kafin a kai ga faɗuwa. Hukumar kula da jiragen sama ta Nijeriya da hukumar bincike ta NSIB, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin tsohuwar hukumar binciken hatsarin jirage, suna da ikon ƙarfafa irin wannan a nan. Ya kamata duk saukar da aka yi da mai ƙasa da ajiyar doka a rubuta ta, a cire sunan matuƙi, a tattara a buga a ƙarshen shekara, a aika wa makarantun Zariya da Ilori su karantar da ita a aji, tare da sunan filin, da watan, da irin iskar da aka yi a ranar.